Dankalin Jos a Bazarar Kano: Abin da Na Gani Wajen Mai Kawo Min Kaya Daga 'Yankaba

Tun azumin shekarar 2024 nake sayen dankalin Turawa da sauran kayan lambun Jos a hannun wani ɗan kasuwa mai rumfa a gefen kasuwar 'Yankaba, wanda yake karɓar saƙon masu saye ta WhatsApp, ya haɗa kayan, ya aiko da su har ƙofar gida a Adaidaita Sahu. Sana'ata girki ce. Ina dafa wa ma'aikatan wasu ofisoshi abincin rana, ina kuma karɓar aikin suna da walima idan ya samu, don haka da wuya mako ya wuce ban fere dankali mai yawa ba. Mata da dama a unguwarmu sun tambaye ni ko ya dace su koma wajen wannan mutumin, kuma na ga gara in rubuta amsar a tsanake, domin kayan da yake kawowa a watan Janairu ba su ne yake kawowa a watan Afrilu ba, alhali mutumin ɗaya ne, rumfar ɗaya ce, gonakin da yake saye ma kusan ɗaya ne.

Tsarin aikinsa ba shi da wahala. Yana sanar da ranar da motarsa za ta sauke kaya, mai buƙata ya faɗi abin da yake so, ko buhu, ko rabin buhu, ko bokiti, ya tura kuɗi, kayan su iso a ranar ko washegari. Yana saye ne a kasuwannin Bokkos da Mangu, musamman kasuwar Maikatako, wani lokaci kuma a Farin Gada cikin garin Jos idan kabeji da karas da koren wake yake nema. Awonsa cikakke ne. Na sha juye bokitin da ya aiko a nawa bokitin, ban taɓa samun ragi ba, kuma ban taɓa tarar da manya a baki, ƙanana da ruɓaɓɓu a gindin buhu ba, wanda duk mai sayen dankali a garin nan ya san irin wannan takaicin.

Amma abin da ya riƙe ni a wajensa, fiye da cikar awo, shi ne yana faɗin asalin kayansa kafin a biya. Yakan rubuta cewa wannan na damina ne ko na rani, an tono shi kwana nawa da suka wuce, kuma wane iri ne, Marabel ko Nikola. Ranar da na fara tuntuɓarsa, ana tsakiyar azumi, na nemi buhu guda, sai ya ce da ni: “Hajiya, ki ɗauki rabi. Wannan ƙarshen na rani ne, ya sha rana tun a gona, kuma zafin Kano ba zai bar miki shi ya yi sati biyu ba.” Ɗan kasuwar da zai rage wa kansa ciniki domin kada kayan mai saye su lalace ya cancanci a ambace shi da alheri, kuma maganarsa ta tabbata, domin ko rabin da na ɗauka sai da ya fara yamushewa yana fitar da tsiro kafin Sallah. Duk wanda ya yi azumin wannan shekarar, wanda ya faɗo tsakanin 11 ga Maris da 9 ga Afrilu, yana tune da irin zafin da aka sha. A Kano ma'auni ya yi ta haura digiri 40, a garin Kayes na ƙasar Mali kuwa ya kai digiri 48.5 a ranar 3 ga Afrilu.

A da na ɗauka cewa zafi matsalarmu ce mu mutanen Kano, Jos kuwa tana can a sanyinta ba abin da ya dame ta. Sayen dankali mako bayan mako ne ya gyara min wannan fahimtar. Garin Jos yana bisa tudu mai tsayin mita 1,200 da ɗoriya daga doron teku, Kano kuwa ba ta kai mita 500 ba, kuma a ƙa'ida iska tana ƙara sanyi da kimanin digiri 6.5 a duk mita 1,000 da aka hau. Wannan ratar ta digiri huɗu zuwa biyar ita ce jarin manomin dankali na Bokkos da Mangu da Barikin Ladi da Pankshin, kuma ita ce dalilin da ya sa mafi yawan dankalin Turawan da ake ci a Nijeriya daga Jihar Filato yake fitowa. Shukar asalinta daga tsaunukan Andis ne na Kudancin Amurka, wajen ƙasashen Peru da Bolibiya. Turawan mishan da na haƙar kuza ne suka zo da ita tudun Jos, gwamnatin mulkin mallaka kuma ta ƙarfafa nomanta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu domin ciyar da sojoji. Har yau ba ta canza halinta na tsauni ba. Ta fi yin albarka idan matsakaicin zafin yini yana tsakanin digiri 18 da 20, tana son dare mai sanyi kafin ta fara saka 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa, kuma idan zafi ya haura digiri 30 sai girman 'ya'yan ya tsaya, ganye ya yi kore shar a sama, a tona a tarar da ƙanana kamar ƙwan zabi.

Da wannan ne za a gane abin da ya sa kayan wannan rumfa suka fi kyau daga ƙarshen Disamba zuwa Fabrairu. Dankalin rani da ake shukawa bayan ɗaukewar damina, ana ba shi ruwa daga rafuka da tsofaffin tafkunan da haƙar kuza ta bari, yana girma ne cikin sanyin hunturu. Wanda na karɓa a Janairun 2025 shi ne mafi kyawun dankalin da na taɓa soyawa: manya, fatarsu sumul, cikinsu ruwan ƙwai, ba sa shan mai, kuma idan aka dafa su a fate ba sa narkewa su ɓata miya. Na ajiye buhu guda a ɗakin girki na kusan wata ɗaya, abin da na zubar bai cika tafin hannu biyu ba. Idan mutum sau ɗaya zai gwada wannan rumfa, to ya gwada ta a wannan lokaci.

Na damina kuwa labarinsa daban ne, kuma a nan ne na fi so mai karatu ya tsaya. Manoman tudu suna shuka da saukar ruwan farko, wajen Afrilu zuwa Mayu, su fara tono daga Yuli zuwa Agusta, lokacin da dankali yake cika kasuwa ya yi araha. A watan Agustan 2024, watan da muka saba da marka, ruwa ya ɗauke na makonni a jihohi da dama na tsakiyar ƙasar nan, har da sassan Filato, sai da jama'a suka fita roƙon ruwa. A cikin watan Satumba na karɓi buhun da ya ba ni wahala fiye da kowanne. Da yawa daga cikin dankalin sun tsage tsawonsu kamar faso, wasu sun yi ƙulu-ƙulu kamar an manna musu 'ya'ya a jiki, wasu manyan kuma da na raba su biyu sai na tarar da rami mai duhu a tsakiya. Fera irin wannan dankali yana cin lokaci, yana kuma cin nama, domin wuƙa sai ta bi kowane lungu. Yarinyar da ke taya ni aiki ta shafe kusan ninkin lokacin da ta saba.

Mai rumfar ya gaya min tun kafin in biya cewa kayan na waɗanda suka yi shukar baya ne, fari ya same su, sannan ya rage min kuɗi, don haka ba zan ce ya yaudare ni ba. Abin da ya bayyana min ya yi daidai da abin da aka sani game da shukar. Saiwar dankali ba ta nitsewa can ƙasa kamar ta dawa ko gero, yawancinta ba ta wuce rabin mita, saboda haka da saman ƙasa ya bushe shukar ta shiga ƙishi. A tsawon zamanta a gona tana buƙatar ruwa kimanin milimita 500 zuwa 700, kuma tana buƙatarsa ne a jere, musamman lokacin da 'ya'yan suke kumbura. Idan ruwa ya ɗauke, sai 'ya'yan su tsaya, fatarsu ta yi tauri. Idan ya dawo da ƙarfi, sai cikin ya kumbura da gaggawa, fata ta kasa bin sa ta tsage, ko kuma sabon girma ya ɓullo ta gefe, ko tsakiyar ta rabe ta bar rami. Busasshiyar ƙasa kuma tana dardarewa, ta nan wani ƙwaro dangin asu yake samun hanyar isa ga 'ya'yan ya saka ƙwai, tsutsarsa ta yi ta huda dankalin har bayan an zuba shi a buhu. Na ga waɗannan ƙananan hanyoyi baƙaƙe a cikin wasu daga cikin nawa.

Fari na shekara guda ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, iyayenmu sun ga na farkon shekarun 1970 da na tsakiyar shekarun 1980 waɗanda suka fi wannan muni nesa ba kusa ba. Abin da ya canza shi ne zafin da farin yake tararwa idan ya zo. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta tabbatar da cewa 2024 ce shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi, inda zafin duniya ya ɗara na kafin zamanin masana'antu da kimanin digiri 1.55, kuma daga hannun shekarar 2023 ta karɓe kambun. Iska mai zafi ta fi saurin tsotse danshin ƙasa da na ganye, don haka kwana goma babu ruwa a yau ya fi cutar da gona fiye da kwana goma babu ruwa a zamanin kakanninmu. Ga mai noma a tudu kuwa akwai wani lissafi da ya tsaya min a rai. Tunda mita 1,000 daidai take da digiri 6.5, ƙarin digiri guda tamkar an sauko da gonar mutum ne da mita 150 alhali ba ta motsa daga inda take ba. A tsaunukan Andis manoma suna ta hawa sama da gonakinsu na dankali suna bin sanyi, domin suna da sauran tsauni a samansu. Tudun Jos shimfiɗaɗɗe ne, kuma ƙololuwarsa a duwatsun Shere mita 1,829 ce, dutse ne da ba a noma a kansa. Manomin Bokkos ba shi da inda zai hau. Abin da ya rage masa shi ne irin da ke jure zafi, da ruwan ban-ruwa, da gyara lokacin shuka, kuma irin wannan aiki ne ake sa ran samu daga reshen binciken dankali da ke Kuru kusa da Jos, na Cibiyar Binciken Amfanin Gona Masu Saiwa ta Ƙasa wadda hedikwatarta ke Umudike.

Ya kamata in ƙara da cewa yawan ruwa ma ba ya barin dankali lafiya. Idan aka jera kwanaki ana yayyafi da hazo, sai cutar nan mai ƙona ganye ta ruɓar da 'ya'ya ta bazu a gonaki, wadda ita ce ta jawo yunwar ƙasar Ayalan daga shekarar 1845, kuma ta sha yi wa manoman Filato ɓarna. Dankalin da ta taɓa yakan iso Kano kamar lafiyarsa ƙalau, bayan kwana uku sai wari ya tashi daga buhu. Sau ɗaya hakan ta same ni a wannan rumfa, a watan Yuli, kuma da na aika masa hoto bai yi musu ba, ya cika min abin da ya lalace a kaya na gaba.

Duk da haka, ba kowace asara zan ɗora wa sama ba, domin akwai laifin da nasa ne, kuma na gaya masa baki da baki kafin in rubuta shi a nan. Na farko shi ne lokacin kawo kaya. Motar tana tasowa daga Jos ta bi ta Saminaka da dajin Falgore ta ɓullo Kwanar Dangora, tafiyar kusan kilomita 300, kuma yawanci da dare take yin ta, abin da ya dace da kayan gwari. Amma bayan ta sauke da asuba, sai kayan su zauna a rumfa mai rufin kwano har azahar, sannan a loda su a bayan Adaidaita Sahu, a yi ta zagaya unguwanni da su cikin ƙwallelliyar rana. Sau da dama a watan Afrilu kayana sun iso bayan la'asar, buhun da zafi kamar an sauke shi daga murhu. Sanyin da dankalin ya kwaso daga tudu, wanda aka kiyaye shi tsawon dare a hanya, a cikin garin Kano ake ƙone shi cikin awa biyar. Da zai fara rabo da ƙarfe bakwai na safe a watannin bazara, ko ya jinkirta zuwa bayan magariba, da rabin ƙorafina ya kau.

Na biyu shi ne buhun. Yana zuba dankali a buhun leda irin na taki, ya ɗaure bakinsa tam. Dankali abu ne mai rai, yana numfashi yana fitar da gumi ko bayan an tone shi, kuma idan ba iska sai gumin ya taru, ruɓa ta fara daga tsakiya. Buhun algarara ko na raga ko kwandon kaba ya fi dacewa, ko da za a ƙara wa mai saye ɗan kuɗi a kai. Na uku kuma, yana barin wani kason kayan a shimfiɗe a bakin rumfa domin masu wucewa su gani, haske yana dukansu har fatarsu ta fara kore. Wannan koren alama ce ta taruwar wani sinadari mai ɗaci da ake kira solanin, wanda yake ɓata ciki idan ya yi yawa, kuma dafuwa ba ta kashe shi. Sau biyu na tsinci irin waɗannan a cikin kayana. Ni na san in yanke wurin da zurfi ko in jefar da shi ɗungurungum, amma ba kowace uwar gida ta san haka ba, kuma wanda ya san dankali kamar yadda ya san shi bai kamata ya bar wannan ya wuce ba.

Sauran kayansa ba su da tangarɗa sosai. Kabejinsa yana da nauyi da tauri a yawancin shekara, sai dai a bazara ganyen waje yakan yi yaushi har sai an ɓare uku ko huɗu. Karas ɗinsa na hunturu yana da zaƙi, na bazara kuwa siriri ne mai ɗan ɗaci. Koren wake da latas ba na ba da shawarar a saye su ta hanyar aike daga Maris zuwa Mayu, gara mutum ya je kasuwa da sassafe ya zaɓa da hannunsa.

Game da farashi, ya ɗan ɗara na cikin kasuwa, kuma kuɗin Adaidaita daban ne. Idan na haɗa da kuɗin motar da zan kashe zuwa 'Yankaba da dawowa, da ɗan dako, da rabin yinin da zan ɓata, sai in ga bambancin bai taka kara ya karya ba. Tsadar dankalin gaba ɗaya kuwa ba daga rumfarsa ta taso ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin dakon kaya da na man injin ban-ruwa suka tashi, rikice-rikicen da suka addabi ƙauyukan Mangu da Bokkos da Barikin Ladi sun raba manoma da yawa da gonakinsu, ga kuma tsadar taki da iri. Idan damina ta yi gardama a kan wannan duka, mai saye a Kano ne yake cike giɓin daga aljihunsa, manomin kuma bai tsira da komai ba.

Wanda zai yi hulɗa da shi a bazara, ya sayi abin da zai ƙare cikin kwana bakwai zuwa goma kawai, ya kwance buhun nan take, ya baza dankalin a ƙasa a ɗaki mafi sanyi da duhu a gidan, ya tsince duk wanda ya ji rauni ya fara da shi. Kada a wanke shi sai za a dafa, kada kuma a haɗa shi wuri ɗaya da albasa. Firji ba mafita ba ce ko da akwai wuta, domin sanyi mai yawa yana juya sitacin dankali ya koma sukari, a soya shi ya yi baƙi tun bai nuna ba. Ni na samu sauƙi ne da shimfiɗa yashi mai ɗan danshi a ƙarƙashin kwandon kaba kusa da randa, yadda iyayenmu suke yi wa goro da kayan miya.

Ina ci gaba da saye a wajensa, kuma na tura masa mata huɗu daga cikin waɗanda suka tambaye ni, tare da gaya musu duk abin da na rubuta a nan. Daga Disamba zuwa Fabrairu ina ba da shawararsa ba tare da wani sharaɗi ba. A damina ina ba da ita da sharaɗin a tambaye shi halin da gonar ta shiga, domin zai faɗa. A bazara kuwa sai ga wanda zai iya matsa masa ya kawo da safe, ko ya aika yaro ya ɗauko da kansa kafin rana ta ɗaga. A makon jiya na sake yi masa maganar buhun leda, sai ya ce: “Hajiya, na ji, na sa a nemo min na raga daga Jos, in sha Allahu da lodin farko na damina za ki gan su.” Ya ce kuma ruwan farko ya sauka a wajen Bokkos, wasu sun shuka, wasu suna jiran na biyu domin tsoron kada iri ya ƙone a ƙasa. Na ba shi saƙon rabin buhu na ranar Alhamis, na kuma ce ya iso kafin ƙarfe tara.